Sunayen da kwamfuta ta jibge: tarihin lodin sunayen garuruwa a OpenStreetMap

Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna maka rufin kwano da na ciyawa, ya nuna maka burtali da kududdufi, har inuwar tsamiyar da ke bakin kasuwa. Abin da ba zai taɓa nuna maka ba shi ne sunan garin. Suna yana bakin mutane ne, ko a takardar wani da ya taɓa zuwa ya tambayi mutane. Shi ya sa mai zana taswira daga hoto yake ƙarewa da tarin gidaje marasa suna, kuma shi ya sa masu aikin OpenStreetMap, tun farkon tafiyarsu, suka riƙa kallon rumbunan sunaye na gwamnatoci da kwaɗayi. Sunaye miliyoyi, kowanne da latitud da longitud ɗinsa, kuma kyauta. Me zai hana a kwashe su a zuba lokaci guda? An kuwa zuba ɗin, kuma har yau ana sharar abin da aka zuba.

Ga wanda bai san shi ba, OpenStreetMap, ko OSM a taƙaice, taswirar duniya ce da kowa ke iya gyarawa, kamar yadda ake gyara Wikipedia. Steve Coast ne ya fara ta a Ingila a 2004, saboda haushin yadda hukumar taswira ta ƙasar, Ordnance Survey, take sayar da bayanan da aka tattara da kuɗin jama'a. Mutanen farko da keke da na'urar GPS suka riƙa bin tituna, su dawo gida su zana abin da suka bi. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita tun ranar farko: ba a kwafa daga taswirar da ke da haƙƙin mallaka. Kamfanonin taswira sun daɗe suna ɗana wa masu kwafa tarko. Shahararren misali shi ne Agloe, garin ƙarya da wani kamfani ya ƙirƙira a jihar New York a shekarun 1930 daga haruffan farko na sunayen mutum biyu da suka zana taswirar, don idan ya bayyana a taswirar wani a san an yi sata.

Amurka kuwa lamarinta daban. A dokarta, aikin da gwamnatin tarayya ta yi ba shi da haƙƙin mallaka, na kowa ne. Ta wannan ƙofa manyan lodin farko suka shigo.

Lodin tituna da darasinsa

Kafin sunayen garuruwa, tituna aka fara lodawa. Hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka tana da rumbun bayanai mai suna TIGER, wanda ta gina don ma'aikatanta su san inda za su je ƙirga mutane. Daga 2007 zuwa farkon 2008 aka juye bugun 2005 na wannan rumbu cikin OSM, sai Amurka, wadda kusan fili ce fetal a taswirar, ta wayi gari cike da tituna. Matsalar ita ce ma'aikacin ƙidaya bai damu ba ko titi ya kauce da mita hamsin, ko hanyar gona ce aka rubuta a matsayin titin unguwa. Shi dai ya san gidan wane yana wane ɓangare. An liƙa wa kowane titi alamar tiger:reviewed=no, wato ba a duba shi ba tukuna, da niyyar a cire idan mutum ya duba. Wannan alama tana nan birjik har yanzu.

Abin da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne tasirin lodin a kan mutanen da kansu. Wani mai bincike, Abhishek Nagaraj, ya lura cewa bugun da aka loda bai zo da inganci iri ɗaya ba: wasu gundumomi hukumar ta riga ta sabunta bayanansu, wasu kuma tsoffin bayanai ne. Da ya kwatanta su a shekarun da suka biyo baya, sai ya tarar gundumomin da suka samu cikakkun bayanai tun farko sun fi ƙarancin sababbin masu gyara da ƙarancin gyare-gyare. Mutum idan ya buɗe taswira ya ga unguwarsu babu komai, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Idan ya ga ta cika, ko da cikar ta kuskure ce, sai ya ce ai an gama, ya rufe.

Cocin da aka rushe, makarantar da ta zama shago

Sunaye kuma sun zo ne daga wani rumbu da ake kira GNIS, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Asalinsa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1890 shugaba Benjamin Harrison ya kafa hukumar daidaita sunayen wurare, saboda ma'aikatun gwamnati suna rubuta sunan kogi ɗaya ko dutse ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Sai tsakanin 1978 da 1981 aka ɗauki ma'aikata suka bi manyan taswirorin takarda ɗaya bayan ɗaya, suna kwafe duk sunan da suka gani zuwa kwamfuta, suna ba shi wuri da rukuni: wannan gari ne, wannan rafi ne, wannan maƙabarta ce. Daga baya aka ƙara wasu daga tsoffin littattafai da taswirori. Rumbun ya haura sunaye miliyan biyu.

Ku lura da abin da ya faru a nan. Ma'aikacin da ya kwafe sunan bai je wurin ba. Takardar da ya kwafa daga ciki wataƙila an zana ta shekara talatin kafin nan. Idan ya ga suna a gefen layin dogo, babu alamar da ta fayyace ko menene, sau da yawa sai ya sa shi a rukunin mazaunin mutane. Haka wuraren kaucewar jirgin ƙasa, da mahaɗar hanya, da gonar mutum ɗaya suka zama garuruwa a rumbun gwamnati. Wikipedia ta Ingilishi ma ta sha wannan: an ƙirƙiri dubban shafuka na ƙauyukan da ba su taɓa zama ƙauyuka ba, daga baya aka yi ta gogewa.

A 2009 aka loda babban ɓangare na GNIS cikin OSM. Coci-coci, makarantu, asibitoci, tsaunuka, ƙauyuka, kowanne ya sauka a matsayin ɗigo guda mai lambar gnis:feature_id. Wasu sunayen ma da kalmar da ke nuna cewa wurin tsohon tarihi ne liƙe a ƙarshensu, wato rumbun da kansa ya faɗa cewa wurin babu shi yanzu, amma suka shiga taswirar da aka yi domin nuna abin da ke nan yau. Sai ka ga makaranta a tsakiyar babbar hanya, ko coci a filin ajiye motoci, saboda an rushe ginin tun kafin a haifi mai kallon.

Ba na cewa lodin bai yi amfani ba. Sunayen tsaunuka da rafuka da ƙananan garuruwa na ƙasa mai faɗin Amurka, da ƙafa za a tattara su, da har yau ba a gama ba. Amma akwai abin da masu lodin ba su yi wa tanadi ba: rumbun asali yana ci gaba da canzawa, kwafin da aka zuba kuwa ya daskare a ranar da aka zuba shi. A 2021 hukumar ta daina kula da rukunai da dama, ciki har da coci-coci da makarantu da asibitoci, ta mayar da su ma'ajiyar tarihi. A 2022 gwamnatin ta sauya sunayen wurare kusan 650 da ke ɗauke da wata kalmar cin mutunci ga matan 'yan asalin ƙasar. Kowane irin wannan sauyi sai wani ya zo ya bi shi a OSM. Sunan hukuma kuma siyasa yake bi: dutse mafi tsawo a Amurka ta Arewa ya koma Denali a 2015, aka mayar da shi McKinley a 2025, dutsen yana nan inda yake.

Rumbun da ya shafe mu

Hukumar nan ta 1890 ba sunayen cikin gida kaɗai take daidaitawa ba. Tana kuma yanke yadda gwamnatin Amurka za ta rubuta sunayen wuraren ƙasashen waje, kuma waɗannan suna cikin wani rumbu daban, GNS, wanda hukumar leƙen asiri ta fannin taswira, NGA, take riƙe da shi. Shi ma kyauta ne ga kowa. A cikinsa akwai miliyoyin sunaye daga ko'ina a duniya, har da ƙauyukan Najeriya da Nijar da Cadi da Sudan. Kowane wuri yana da lambarsa da gajeren rukuninsa: PPL mazaunin mutane, PPLQ garin da aka tashi, wato kufai, STM rafi, WLL rijiya. Shafin GeoNames, wanda manhajoji da yawa suke ɗibar sunaye daga gare shi, babban ɓangaren abin da ke cikinsa daga nan ya fito. Kuma a shekarun farko na OSM, lokacin da yawancin Afirka da Asiya suke fari fat a taswirar, an loda GNS a ƙasashe da dama. Idan ka taɓa ɗigon wani ƙauye ka ga source=GNS, to ka gamu da ɗaya daga ciki.

Matsala ta farko ta lissafi ce. Tsoffin bayanan GNS da yawa an rubuta wurinsu ne da digiri da minti kawai, babu sakan. Minti ɗaya na latitud kusan mita 1,850 ne a ƙasa. Idan aka daidaita wurin gari zuwa minti mafi kusa, zai iya kaucewa da kusan mita 900 ta arewa ko kudu, da kusan haka ta gabas ko yamma a yankin da ke kusa da tsakiyar duniya kamar namu. In aka haɗa biyun, kaucewar na iya wuce kilomita ɗaya. Ana ma gane irin wannan lodi da ido: ƙauyukan sai su jeru a layi, tazara iri ɗaya, kamar an yi shuka da igiya. A cikin hamada, inda gari da gari akwai tafiyar yini, kilomita ɗaya ba komai ba ce. A ƙasar Kano ko kudancin Katsina, inda za ka iya samun unguwanni uku ko huɗu a cikin wannan tazarar, ɗigon da ya faɗa tsakiyar gona bai faɗa maka ko na wace unguwa ba ne.

A kan wannan kuma ga wata ƙaramar kaucewar. Tsoffin taswirorin Najeriya an auna su ne da ma'aunin Minna, GPS kuwa da WGS 84 yake aiki, kuma bambancin biyun ya kai gomman mitoci. Wanda ya kwashi lambobi daga tsohuwar takarda bai juya su ba, ya ƙara kuskure a kan kuskure.

Matsala ta biyu ta kunne ce. Sunayen nan yawancinsu daga taswirori da kundayen sunaye aka kwaso su, kuma da yawa daga cikin taswirorin yankinmu aikin masu safiyo na Ingila da Faransa ne, ko na hukumomin da suka gaje su. Baturen Ingila ya ji Sakkwato, takarda ta ce Sokoto. Na Faransa ya ji Tawa ya rubuta Tahoua, ya ji Birnin Ƙonni ya rubuta Birni N'Konni. Damagaram kuwa a takarda Zinder ce. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sai a shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, kuma ko bayan nan masu taswira ba su ɗauke su ba, shi ya sa Ƙaura Namoda take Kaura, Maraɗi take Maradi. Ga babban gari wannan ba ya ɓatar da kowa, kowa ya san Zaria ita ce Zariya. Amma ƙaramin ƙauyen da aka rubuta sunansa sau ɗaya tak, da kunnen baƙo, ta bakin tafinta, shekara saba'in da suka wuce, mutanen garin ma idan ka karanta musu sunan ba lallai su gane nasu ba ne.

Ta uku ita ce yadda muke raɗa wa wuri suna. Gidan wane, Tungar wane, Rugar wane, Unguwar wane: suna ne da ke bin mutum. Mai gidan ya rasu, ɗansa ya gaje shi, a hankali sunan ya koma na ɗan. Ruga ta tashi. Gari ya rabu biyu, rabi ya koma bakin titi ya zama Sabon Gari ko Tasha. Rumbun da ya daskare ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan.

Shekarar 2012 da ƙa'idojin da suka biyo baya

A watan Satumba na 2012 OSM ya sauya lasisi zuwa ODbL. Kafin nan, a watan Yuli, an saki wata manhaja ta bi taswirar duka tana cire duk bayanin da mai shi bai amince da sabon lasisin ba. A duniya baki ɗaya abin da aka rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne, amma Ostireliya da Foland sun ji jiki, kuma wani babban dalili shi ne bayanan da aka kwaso daga wasu majiyoyi waɗanda ba a iya ɗauke su zuwa sabon lasisin ba. Bayanan gwamnatin Amurka sun wuce lafiya, tunda babu mai haƙƙi a kansu. Wannan ya koya wa mutane cewa don bayani yana kan shafin wata ma'aikata kowa na iya saukewa, ba shi ke nan an halatta zuba shi ba. Sai an ga lasisi a rubuce, ko takardar izini daga mai bayanan.

Ƙa'idar yau tana da tsauri. Mai son yin lodi sai ya rubuta tsarin aikinsa a fili, ya nuna lasisi, ya tattauna da masu taswira na ƙasar da abin ya shafa, ya yi aikin da asusu na musamman don a iya janye shi idan ya ɓaci. Akwai kwamitin da ke da ikon janye lodin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, kuma yana janyewa.

Mafi wuya a cikin sharuɗɗan shi ne tantance abin da ya riga ya kasance a taswirar, don kada a ninka shi. A takarda abu ne mai sauƙi: idan sabon ɗigo yana kusa da tsoho kuma sunansu ya yi kama, abu ɗaya ne. To, yaya kusa? Ka sa mita 500, ka rasa duk waɗanda GNS ya jefa nesa, gari ɗaya ya fito sau biyu. Ka sa kilomita biyar, ka haɗe Sabon Gari biyu da ba su da alaƙa. Kama kuma yaya? Kwamfuta na ganin Dambatta da Danbatta da Ɗambatta abu uku ne sai an koya mata, kuma idan ka sassauta mata da yawa za ta ce Kura da Kaura ɗaya ne. Tudun Wada nawa ne a Arewa? Unguwar Rimi nawa? A ganina wannan mataki ne da bai kamata a bar wa manhaja ita kaɗai ba. Ta jera waɗanda take zato, mutumin da ya san yankin ya yanke.

Inda kuskuren suna ke cin rai

Wani zai ce duk wannan surutun masu taswira ne. Amma a lokacin annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini da Saliyo da Laberiya, masu sa kai daga ko'ina sun zana gidaje da hanyoyi daga hoton sama cikin 'yan kwanaki, sai aka tsaya cik a kan suna. Maras lafiya ya zo asibiti ya faɗi sunan ƙauyensu, ana son a tura mutane su nemo waɗanda ya yi hulɗa da su, sai a tarar sunan babu shi a taswira, ko akwai shi a wuri uku. A gundumar Tonkolili ta Saliyo, ƙungiyar likitoci ta MSF sai da ta ɗauki 'yan acaba na yankin da wayoyin hannu, suka bi ƙauye-ƙauye suna ɗaukar wuri da GPS suna tambayar suna a bakin masu garin.

A Arewacin Najeriya yaƙi da cutar shan inna ne ya tilasta irin wannan aikin. Masu allurar rigakafi da taswirar hannu suke fita, wadda aka zana da biro a ofishin gunduma, kuma unguwar da ba ta cikin zanen ba a zuwa. Daga wajen 2012 aka fara zana matsugunai daga hoton tauraron ɗan'adam, sannan a tura ma'aikata da waya su je su ɗauko sunan kowanne daga mazauna. An gano matsugunai da dama da ba sa cikin kowane jadawali. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofis a Kano, tana cikin waɗanda suka yi wannan aikin, kuma wani ɓangare na bayananta ya shiga OSM da izininta. A watan Agusta na 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Shi ma wannan lodi ne, amma sunayen nasa an ji su ne jiya, da kunnen wanda ke jin harshen, a tsaye a cikin garin. Sai dai shekara ashirin nan gaba shi ma zai tsufa kamar yadda GNIS ya tsufa, idan babu mai bin sa.

Abin da OSM ya fi rumbunan gwamnati da shi shi ne bai tilasta suna ɗaya ba. Alamar name tana ɗaukar sunan da ake amfani da shi a wurin, wanda za ka gani a allon bakin gari. Akwai alt_name ga wani sunan da ake kira, old_name ga tsohon suna, official_name ga na hukuma, sannan name:ha ga sunan Hausa, da lanƙwasarsa da komai. Wato Sokoto da Sakkwato, Zinder da Damagaram, suna iya zama a ɗigo ɗaya, mai neman kowanne ya samu. Babu rumbun gwamnatin waje da zai cike mana gurbin name:ha na ƙananan garuruwa, domin ba a taɓa rubuta yawancinsu da ƙa'idar Hausa ba. Wanda zai gyara ɗigon ƙauyensu sai ya ja shi daga tsakiyar gona zuwa kan gidajen da ke hoton, ya bar tsohon rubutun a alt_name saboda masu tsoffin takardu, ya rubuta sunan yadda ake faɗarsa, sannan ya sauya source ya nuna cewa da saninsa na wurin ya yi gyaran.